Jinin da Ya Yi wa Baba Kambai Yawa

Baba Kambai mai juya layin jirgi ne a tashar Kafanchan, kuma dattijo a coci. Ƙofarmu tana kallon tasa a kwatas ɗin reluwe, don haka ba labari aka ba ni ba. Mutum ne mai tsoron Allah, amma ya fi tsoron reza. In ƙarfe ya ɗan yanke shi a wurin aiki, jini ya dinga tsiyaya ke nan har washegari, shi kuwa sai ya zagaya kwatas yana nuna tsumman. "Kun gani? Jini ne ya yi mini yawa. Namiji ke nan." Da aka cire masa haƙori ya kusa tafiya wurin Ubangiji, da ya farfaɗo ya ce laifin haƙorin ne.

'Ya'yansa maza uku lafiyayyu ne, su fasa goshi a filin ƙwallo su warke. Su ne shaidarsa cewa jininsa ba shi da aibu. Matan biyu, Emilia da Lai'atu, ba ya sa su cikin zancen jini, don a wurin mutanenmu 'ya mace ta gidan wani ce, abin da ta haifa kuma jinin mijinta ne tunda an biya sadaki.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, Emilia ta haifa wa mijinta Rufus, malamin firamare a Gwantu, ɗa namiji. Aka yi masa kaciya, jinin ya ƙi tsayawa, yaron ya rasu. Tun ba a gama rufe kabari ba Baba ya yanke hukunci: jinin mutanen Gwantu ruwa ne. Ya tattaro 'yarsa ya dawo da ita gida tana kuka. Rufus ya zo biko da dattawa, ya zo da Fasto, Baba ya ba su ruwa suka sha, ya raka su bakin titi.

Bayan 'yan shekaru Lai'atu, wadda ta auri Gregory ɗan Nok, ta zo wanka gida da nata ɗan. Emilia ta matsa sai an je asibitin mishan kafin a taɓa yaron. Likita ya saurari tarihin gidan, ya yi bayani a hankali. Ya ce namiji mai wannan ciwo ba ya ba ɗansa namiji, amma duk 'yar da ya haifa tana ɗauke da shi ko da ba ta ciwo, kowane ɗa namiji da ta haifa kuma ko ya samu ko ya tsira. Ya ce kada a yi kaciya tukuna.

"Dokta," in ji Baba, "yarinya ya yi aure, an biya komai komplit. Ta wane hanya jinina zai bi shi har Nok?"

Likita ya ce jini bai san an biya sadaki ba. Baba ya ɗauki hularsa.

Abin da ya dame shi ɗaya ne: in aka bar yaron ba kaciya, kwatas za ta ce likita ya yi gaskiya. Ran wata Asabar, Gregory yana Nok, matan suna kasuwa, sai ya ce wa Lai'atu ta je ta yi wanka zai riƙe mata jikansa. Wanzami yana jira a bayan gida. Baba da kansa ya riƙe yaron a cinya.

Ihun Lai'atu ne ya fito da mu. Har yau in na tuna raina yana ɓaci. Baba ya rungumi yaron ya bi layin dogo da gudu, tsoho mai ciwon gwiwa, rigarsa jaja-wur. A asibiti aka ce a kawo masu ba da jini. Ya riga kowa naɗe hannun riga.

"Ku ɗiba nawa, Sista, yana da yawa."

"Baba, sauke hannunka," in ji nas ɗin. "Naka ne ya kawo shi nan."

Kawunnan yaron suka bayar, yaron ya rayu. Baba ya yi mako bai fito ba, sannan ya sa rigarsa ta coci, ya ce wa Emilia ta shirya kayanta, zai dawo da mijinta, ya hau mota zuwa Gwantu. Ta wanke zannuwanta, ta yi kitso. Da yamma ya dawo shi kaɗai. Ya tarar da Rufus yana goyon 'yar da sabuwar matarsa ta haifa, har an ba Baba ruwa ya sha.

Emilia ta kwance ƙullin kayanta, ta shiga kicin. Ita ta yi ta dafa wa Baba tuwo har ya rasu.