Ragayar Bashiru da Masu Neman Mabuɗin Ɗakinsa

Shekara shida ke nan da rasuwar Bashiru, ɗan ƙanena, wanda na goya na raina a gidanmu na unguwar New Bell, a Douala. Ba kuka na zo yi muku ba, na yi shi ya ishe ni. Magana ce ke tafe da ni, kuma waɗanda nake yi da su sun san kansu.

Bashiru ya yi karatu mai zurfi, aikin biro yake yi, wato ofis. Kullum ya dawo gida sai zancen duniya ta ɗumame, teku na tasowa, wai wata rana Douala za ta nitse. Da na gaji na ce masa, "Kai, ni teku ba ta taɓa shigo mini ɗaki ba. Ruwan kwata ne ke jiƙa mini katifa duk damina." Bai ji haushi ba. Ya ce, "Gwaggo, in ruwan ya shigo, wa ke gida?" Na ce wa kuwa, in ba mu tsofaffi da masu jego ba? Maza suna kasuwa.

Daga wannan magana ya ƙera ragaya, irin wadda muke rataye ƙwarya, amma babba: faffaɗan katako da igiyoyi, da sarƙar keke da feda a jikin bango. Ki ɗora katifa da buhun shinkafa da akwatin kaya, ki juya feda da hannu, su yi sama har kusa da kwanon rufi. Ta farko ta yi mini nauyi, na ce ya kwashe shirmensa. Ya kwashe, ya sake. Bai yarda ta yi ba sai da maƙwabciyata Hajiya Lami, wadda ɓarin jikinta ya shanye, ta ɗaga ta a zaune da hannu guda. Har daga unguwar Village mata suka riƙa aiko masa.

To, bayan rasuwarsa abokansa suka kafa ƙungiya da sunansa. Duk shekara su taru a otel, su kafa hotonsa, su yi ta Faransanci a kan ceton duniya. Sai suka ce za su gyara ragayar. Suka bi wasu gidaje suka cire feda, suka sa inji da maɓalli. Na ce wa shugabansu, wani dogon yaro da ya sha cin tuwo a gidana, "Ba ka san da hadari ya haɗu ake ɗauke wuta ba?" Ya yi murmushi ya ce, "Mama, c'est moderne," wai zamani ne.

Daminar bara Hajiya Lami ta danna maɓallin nan har yatsanta ya gaji. Ruwa ya cinye katifa da shinkafa, ita kuma tana zaune a bakin gado, ƙafafunta cikin ƙazanta, sai da maƙwabta suka ciro ta. Washegari suka zo, ba da feda ba, da waya, suna ɗaukar hoto.

Da Bashiru zai leƙo yau, zai iske maganarsa ta tabbata, ruwa ya fi na da. Amma na san ba otel zai nufa ba. Gidan Hajiya Lami zai shiga, ya tsuguna ya ba ta haƙuri.

Yanzu kuma mabuɗin ɗakin aikinsa suke nema. Wai za su kai ragayar farko da kayan aikinsa nuni a ƙasar waje, ɗakin kuma ya zama biro. A ɗakin nan mai gyaran keken unguwarmu ke gyara wa mata sarƙa in ta tsinke. In an kwashe kayan, ina za su nufa, ga damina ta ƙarato?

Bashiru bai bar gida ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari yana rataye a ɗakunan matan da har yau ke kwana a busasshiyar katifa, suna yi masa addu'a. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ku kuma, mabuɗi yana ɗaure a bakin zanena. Ku mayar wa kowace mata da fedarta tukuna, ku fara da Hajiya Lami. Bayan nan ku dawo ku yi sallama, ni ma in ce muku a'a cikin mutunci.