Kiɗan Ƙwarya a Ɗakin Tiyata

Ina kwance a ɗakin tiyata a Dutsin-Ma, an kashe min rabin jiki za a ciro ɗana, sai kyarma nake don tsoro. Nas ɗin da ke kaina ta ce, "Hajiya, wane kiɗa kike so?"

Kiɗa kuma? A nan? Na ce na ƙwarya, irin na bikinmu a Birchi. Ta kunna a wayarta ƙasa-ƙasa. Wallahi jama'a, kyarmar ta tafi, har na fara amshi!

Can sai likita ya ce, "Sista, kashe!"

Ɗaki ya yi tsit. An ciro yaron, bai yi kuka ba. Suka duƙufa a kansa suna magana da sauri, kowa na jin kowa. Sai kawai yaron ya tsala ihu!

Daga baya na tambayi likita dalili. Ya ce, "Kiɗan naki ne, don hankalinki ya kwanta. Shirun na yaron ne, don mu ji numfashinsa."

Yau suna, masu ƙwarya sun cika gida, amma wannan ihun nake ji har yanzu. Alhamdulillahi! Ku da aka taɓa yi wa aiki, an sa muku kiɗa?