Bencin ƙofar Madam

Wannan shekarar ta ba ni wuya, ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ni mai sayar da albasa ne, karatuna bai wuce na allo ba, kuma abin da ya same ni da hannuna na jawo shi.

Haihuwar mai ɗakina ta shida sai da aka yi mata fiɗa. Da za a sallame mu, likita ya ce mahaifarta ta yi siriri, in ta sake ɗaukar ciki kafin shekara uku tana iya fashewa. Aka sa ta kan allurar hana ɗaukar ciki ta wata uku-uku. Allurar ba ta karɓe ta ba, kullum jini, kullum jiri. Ran nan a bakin famfo ta faɗi.

Wata maƙwabciyarmu a nan Zongo ta ce akwai wata Madam a Zogbo mai ba da ƙananan ƙwayoyi farare kamar sukari, omiyopati suke ce wa aikinta, kuma tana zama da mata ta yi musu bayanin tazarar haihuwa. Muka hau zem, wato acaba, muka je. Mai ɗakina ta shiga, ni na zauna a bencin waje inda maza ke zama. Sau biyu Madam ta leƙo da kanta tana cewa, da 'yar Hausarta ta kasuwa, "Maigida, shigo." Na ce a'a, zancen mata ne, su gama. Akwai wani bafataken shanu da na sani a kan bencin, to ina zan sa fuskata?

Mai ɗakina ta fito da 'yar kwalba da takarda. A hanya na ce, "To an samu madadin allurar ke nan?" Ta sunkuyar da kai. Ni kuwa na ɗauka e ne. Da lokacin allura ya zagayo na ce ba inda za ta, tunda ga magani.

Wata huɗu bayan nan na shigo da kifi daga unguwar Placodji. Tana jin ƙarnin ta ruga bayan ɗaki tana amai. Na san wannan aman, sau shida na gan shi.

Da la'asar na koma Zogbo ni kaɗai, da niyyar faɗa. Madam ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Maigida, maganina ba ya hana ciki. Don jiri na ba ta. Na gaya mata, na rubuta mata takarda ta koma asibiti su canja mata wata hanyar. Na kira ka ka ji da kunnenka, ka ƙi." Ta ce kada mu kwana biyu ba a duba ta ba.

Na dawo gida na tarar da mai ɗakina tana ba jaririn nono. Na ce, "Don me ba ki gaya mini ba?"

"Malam, da wane bakin? Shekara goma sha bakwai, ka taɓa tsayawa na yi maka irin wannan maganar? Takardar ma na miƙa maka, ka ce in ajiye."

Haka kuwa aka yi. Na dubi yaran nan shida, na tuna yadda aka turo ta daga ɗakin fiɗa leɓenta fari fat. Tuwon ranar ban iya kai shi baki ba.

Da gari ya waye ban je kasuwa ba. Na bar wa maƙwabciya yaran, na karɓi takardar na sa a aljihu, na tsayar da zem biyu. Na ce wa nata ya bi a hankali, ya kauce wa ramuka, muka nufi asibiti.