Sallamar da Ban Amsa Ba

Mu biyar ne a tsakar gida ran nan. Akwai ni, ina zaune gindin turmi ina tsintar wake. Akwai ƙanen marigayi mijina, wanda ya zama namijin gidan tun da aka harbe ɗana a gona. Akwai matar ɗan nawa, tana cikin takaba, ko kwana arba'in ba ta cika ba. Akwai matar malamin firamare da muka ba su ɗaki, 'yar birnin Katsina, shi malamin ba ya gari. Sai maƙwabciyata da ta shigo aron rariya ta samu wuri ta zauna, don ita aro hanyar hira ce. Dukanmu kunnuwanmu lafiya lau. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce bai ji ba.

Shekarun da 'yan bindiga suka hana mu daji ke nan. Ƙauyenmu yana gefen Ruma. Gero ya nuna a gonakin nesa ba mai yanka, gidaje da yawa sau ɗaya ake ɗora tukunya. 'Yan sa-kai kuwa sun riga sun yi shela: duk gidan da aka ga Bafillace ya shiga, gidan infoma ne, mai kai wa 'yan bindiga labari, kuma kowa ya ga abin da ake yi wa gidan infoma.

Da la'asar sakaliya aka yi sallama a ƙofar zaure. Ban ɗaga kai ba na gane muryar. Bafillatanar da ta shekara talatin tana kawo mini nono ce, ina ba ta dusa. Rugarsu na bayan rafi. Da can in ta iso ko sallama ba ta ƙarasawa take faɗowa ciki.

"Kaɗo, fito ga nononki!"

"Guga nawa na ruwa kika zuba masa yau?"

"Daidai da yashin da kika zuba wa dusarki."

Haka muke, ba mu taɓa rabuwa ba tare da an zagi kakan wani ba. Ranar sunan ɗana ita ta kawo man shanu cike da kwano. Da aka kashe shi ba ta zo gaisuwa ba. Na san ba ta da hanyar shigowa gari, amma na riƙe ta a rai. Na kuma ji ana cewa ɗanta ɗaya ya bi 'yan daji.

Ƙanen mijina ya ɗora yatsa a baki. Matar malam ta riga ta buɗe baki, "Wa alai…", ta haɗiye sauran.

"Leƙen asiri aka turo ta," in ji maƙwabciyata cikin raɗa. "Tana ƙirga maza."

"Ai ba za ta wahala ba," na ce mata. "Ɗaya ne, shi ma ga shi nan yana rawar jiki."

"Yaya, ba lokacin wasa ba ne," ya ce. "In aka cinna wa gidan nan wuta, ba ke kaɗai ke kwana ciki ba."

Ta sake sallama. Muka yi shiru. Ta yi ta uku, ta ja ta a hankali, kamar mai ba mu lokaci. Kowa ya san in ka yi uku ba a amsa ba, sai ka juya. Ita ba ta juya ba. Ta ɗaga murya ta bayan katanga.

"Kaɗo, na san kina ciki, na ji ƙarar wake a faifai. Tsohon mijin nan nawa ya rasu da hantsi. Ba namiji ko ɗaya a ruga, duk sun watse. Farin ƙyalle nake nema, da mutum biyu ko uku da za su sallace shi su sa shi a ƙasa. Ba abinci na zo roƙo ba."

Sai surukata ta ce, idonta a ƙasa, "Ta je daji ta kira masu sallar, Inna. Can mazansu suke."

Ina da ƙyallen. Alawayyo ne da na saya wa kaina na likkafani a kasuwar Batsari, yana ƙasan akwati. Kuma a gidan nan ba a haifi wanda zai rufe mini baki ba. Da na amsa, da ƙanen mijina ya yi gunaguni ya gaji. Don haka ba zan laɓe a bayan tsoro ba. Tsoron yana nan, amma akwai wani abu ƙarƙashinsa: na so ta tsaya a wajen ta ɗanɗana. Na binne nawa, ita ma ta ga yadda ake ji. Tsohon nan bai taɓa ɗaukar abin da ya wuce sandar kiwo ba, na sani sarai. Na ci gaba da tsintar wakena.

Na ji takunta ya yi nisa. Akuyarmu da ke ɗaure a waje ta yi kuka, na cikin gida suka amsa mata gaba ɗaya. Mu biyar, masu alwala da salla, ba wanda ya kalli wani. Maƙwabciyata ta ɗauki rariya ta fita. Na daɗe ina yi wa mutane awo, na san wa ke tauye mudu, wa ke cin naman maƙwabci. Ban taɓa sa kaina a ma'aunin ba sai ranar.

Washegari ina idar da sallar asuba na ciro ƙyallen, na naɗe shi cikin tsohon zane, na ɗauki fartanya. Ƙanen mijina na bakin zaure da buta.

"Yaya, ina zuwa da sassafe?"

"Inda ƙafarka ta kasa."

Na bi ta bayan gari, na tsallake rafi. Rugar ta zama kufai, turaku a tsaye ba shanu. Na yi sallama sau ɗaya.

"Wa alaikumus salam. Kaɗo, sannu da hanya. Kin tashi lafiya? Ya mutan gida? Ya ƙarin haƙuri? Ban samu shigowa na yi miki gaisuwar yaron ba. Allah ya jiƙansa."

Ba ta tsallake ko gaisuwa ɗaya ba. Da zagina ta yi, da na san abin da zan mayar mata. Na miƙa mata ƙyallen. Ta dube shi, ba ta karɓa ba. Hannuwanta duk sun farfashe.

"Ba a tone mutum don a canja masa riga. Ajiye abinki, ke ma ranarki na nan."

Ta kai ni bayan bukka. Ita kaɗai ta wanke shi, ta naɗe shi da zannuwanta biyu, ta haƙa ramin da guntun gatari da sakaina.

"Na yi kabbara huɗu," ta ce. "Ban sani ba ko ta mace tana karɓuwa."

Na dai ga kabarin ba shi da zurfi, kuma ga sawun karnuka a kewaye, waɗanda masu su suka gudu suka bari. Ta ce yau za ta kama hanyar Safana wurin 'yarta, kabarin nan ne kaɗai ya tsayar da ita.

Ban ce ta yafe mini ba, bakina bai saba ba. Na ajiye ƙyallen a ƙasa, na ɗaura ɗamara. Ina sarar ƙasa tana kwasa da ƙwarya, har tudun ya kai gwiwa. Muka jera duwatsun murhunta a kai. Da rana ta ɗaga na ce ta tafi tun hanya na da mutane. Ta ɗora ƙunshinta ta wuce. Ni na tsaya na sassaro ƙayar aduwa, ina jawowa ina shimfiɗawa, har na rufe kabarin daga kai zuwa ƙafa.