Nonon da na koya wa ƙanina sha

Ina jin haushin masu ilimin ƙasar nan, kuma ba zan ɓoye ba. Sun daɗe da sanin cewa maganin feshi yana cin jijiyar mutum a hankali, amma suka rubuta da Turanci suka ajiye a ofis. Ni da na fara riƙe biro bayan na haura arba'in, sai kwanan nan na ji, ranar da wata Dakta mai binciken guba ta zo ajinmu na manya a unguwar Ɗan Iya, nan Bauchi. Tana faɗin alamomi, rawar hannu, mutuwar yatsun ƙafa, yawan mantuwa, ni kuwa ƙanina kawai nake gani. Na tare ta a bakin ƙofa na ce sai ta bi ni ƙauyenmu Zungur ta duba shi. Ta ce Asabar.

Mun tashi da asuba, ni da ita da direbanta. Kafin mu bar gari muka tsaya wajen mai masa. Dakta 'yar kudu ce, Hausarta ta kasuwa, amma a cin masa da miyar taushe ta fi ni hannu. Masar ta ƙanƙance, kuɗinta ya hau. Na yi magana, mai masar ta ce in kai ƙarata wajen masu shinkafa.

Da muka sauka daga kwalta, motar ta dinga rawa a cikin taɓo. Masara ta kai ƙugu, gyaɗa ta rufe ƙasa, ko'ina kore shar. A kusan kowace gona akwai mutum da famfon feshi a baya, ba takalmi, ba safar hannu, wani ma ba riga. Da can in na ga haka, sannu da himma nake cewa. Ranar kuwa hannayensu kawai na yi ta kallo.

Mun sami ƙanina a ƙofar gida. Shekarunsa ba su kai arba'in ba, amma ya miƙe kamar dattijo. Matarsa ta kawo fura, ya ɗauki ludayi, rabi ya zube a rigarsa kafin ya kai baki. Ya yi dariya ya ce ganin baƙuwa ne ya ruɗa shi. Matar ta jawo ni gefe ta ce an sha rubutu, an yi turare, mutanen gari sun tsaya a kan iska ce.

Dakta ta sa ya miƙa hannuwa, ta ɗora takarda a kai. Takardar ta yi ta kaɗawa har ta faɗi. Ta taɓa tafin ƙafarsa da tsinke, ya ce bai ji ba. Sai ta shiga tambaya. Ya ce feshin haya yake yi a gonakin mutane tun rasuwar Baba. Da hannu yake dama maganin. In bakin famfon ya toshe, ya sa baki ya busa. Ta tambaye shi me yake yi in ya gama.

"Nono nake sha, ƙwarya guda, yana wanke komai," in ji shi. "Ai Yaya ce ta koya mini."

Gaskiya ya faɗa. Ni na saya masa famfon don ya sami sana'a, ni na ce kada ya kuskura ya kwana bai sha nono ba. Haka na ji ana yi, haka na koyar. Dakta ba ta dube ni ba, kuma na gode mata. Ta dai yi masa bayani cewa gubar ta fata da numfashi ma take shiga, nono bai san hanyar da ta bi ba. Na ce ta faɗa mini ko zai warke.

"Hajiya, sai an auna shi a asibiti kafin in tabbatar," ta ce. "Jijiyar da ta mutu ba lallai ta dawo ba. Amma in ya daina yanzu, za a iya tsare wadda ta rage."

Ya ƙi biyo mu. Ya ce ya yi wa mutum uku alkawarin feshi gobe, damina ba ta jira, yara kuma abinci suke ci. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ya raka mu mota yana ba ni haƙuri, kamar ni ce mara lafiyar.

A hanyar dawowa na sauke wa Dakta duk abin da ke cikina. Ba ta kare kanta ba. Ta ce aikinta ya je manyan taruka a ƙasashen waje, an tafa mata, amma yau ne ya fara zuwa Zungur. Mun shigo Bauchi ana kiran magariba, na sauka ban iya cin tuwo ba. Abin da na koyo a tafiyar nan mai ɗaci ne: mutum yana iya cutar da nasa da zuciya ɗaya, yana ganin gata yake yi masa.

Washegari ban jira direban kowa ba. Ina idar da sallah na tare keke zuwa tasha, na shiga motar farko. Na iske shi yana ɗaura famfon a baya. Na kwance igiyar da hannuna, na ce wa matarsa ta ɗauko masa riga mai kyau, asibiti za mu.