Labaran da Baba yake tsallakewa

Baba bai taɓa shiri da intanet ba. In na buɗe mashi shafin jarida a waya, talla ta faɗo ta rufe rubutu, sai ya danna nan ya danna can, ya miƙo mani yana tsaki: "Karɓi tsiyarka." Amma hoto kam ya iya buɗewa, ya ja shi da yatsu biyu har ya yi girma.

Ni kuwa rubuta manhaja ne aikina. Akwai wani kamfani a intanet da muke amfani da shi, ka tura mashi adireshin shafi, ya buɗe, ya ɗauki hotonsa ya maido maka. Sai na rubuta 'yan layuka, kullum bayan asuba a ɗauko hoton shafin farko na wata jaridar Hausa a tura wayar Baba. Da ya dawo daga masallaci zai zauna bakin ƙofar ɗakin Inna, a gidanmu na Ƙofar Durbi, tana dama koko yana karanta mata, don ita ba ta yi boko ba. Ni a lokacin na koma barci abina.

Baba ya rasu da damina. Washegari wayarsa ta yi ƙara kamar kullum, hoton jarida ya shigo. Na ce zan kashe abin, Inna ta ce kul. Bayan 'yan gaisuwa sun ragu, wata safiya ta miƙo mani wayar.

"Zauna ka karanta mani."

Na fara daga sama. An tare hanya, an kwashe matafiya. Ta tsaya da ludayi a hannu.

"Wace hanya?"

Na faɗa mata. Hanyar da nake bi duk mako in tafi wurin aiki ce.

"Yaushe aka fara wannan?"

"Haba Inna, ai an daɗe."

Ashe takan ji ƙishin-ƙishin a gidan suna ko biki, in ta tambayi Baba sai ya ce surutun mata ne, jarida ba ta kawo ba. Mai hawan jini ce. Abin da yake karanta mata shi ne taki ya iso, maniyyata sun tashi, an yi ruwa mai yawa a wuri kaza. Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zubo mani ba.

Da gari ya waye na ce ni ma zan yi irin nasa. Na tsallake labarin farko, na tsallake na biyu, ina laluben mai daɗi ina kame-kame. Ta zuba mani ido har na daina karatun.

"Kai ba ka iya ba," ta ce. "Muryarka rawa take. Shi shekara da shekaru yana yi, ban taɓa jin tasa ta sauya ba. Je ka kashe abin."