Wanda Zai Riƙe Min Lema

Assalamu alaikum. Na daɗe ban rubuta komai a nan ba, tun kafin a fara wasannin Olamfik. Jinya na yi.

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina kwance a asibiti na zargi yayana. Na ɗauka gara masa a yanke min ƙafa da Baba ya san gaskiya.

Ga wanda bai san wasanmu ba: allo a ƙarƙashin ƙafa, ƙatuwar lema a sama, igiyoyinta ɗaure a ƙugu, iska tana jan mutum a kan teku. Yaya Nasiru ne ya koya min. Baba kullum yana kasuwar Zhanxi Lu wajen cinikin takalma da Sinawa. Shi a saninsa jaka nake riƙe wa Yaya in mun tafi bakin teku. Bai san har na shiga gasar yara na zo ta uku ba.

Ɓawon kawa, wata halittar teku, shi ya yanke ni a tafin ƙafa. Ɗan yanka ne. Na ɗaure da tsumma na koma ruwa. A mota Yaya ya ce in Baba ya tambaya, in ce ƙusar akwatin kaya na taka.

Washegari na tashi da zazzaɓi, ƙafar ta kumbura tana zafi kamar garwashi. Kafin la'asar ta fara yin baƙi.

A asibiti sai da Baba ya ajiye kuɗi aka ba ni gado. Kuɗin kayan da zai tura Kano ta filin jirgin Baiyun ne. Aka ɗebi jini, aka sa min ƙarin ruwa. Likitar, wata mace mai tabarau, ta zagaye kumburin da biro. Da ta dawo, kumburin ya tsallake layin.

Sinancin Baba na ciniki ne kawai, don haka Yaya ne tafinta. Ni kowa ya ɗauka gaisuwa kaɗai na iya, tunda ko da Hausa ba na magana a gaban baƙi. Amma ina ji. A wurin yaran bakin teku na koya.

Likita ta ce in kumburin ya kai gwiwa, sai dai a yanke ƙafar. Yaya ya juya ya ce wa Baba wai ta ce da sauƙi.

Sai ta tambaya ko ciwon ya taɓa ruwan teku, don maganinsa daban ne. Yaya ya ce, "Meyo." Wato babu.

Na jira ya gyara. Bai ko kalle ni ba.

Sai na ce mata da Sinanci, "Akwai. Ruwan teku ne."

Nan take aka canza maganin, kuma a ranar aka shiga da ni tiyata aka cire naman da ya mutu. Kafin a tura gadon Baba ya sunkuyo ya ce, "Mamana, me kika faɗa mata?" Na gaya masa komai, har gasar. Sai ya ce, "Ƙafar dai tukuna."

Kullum da safe wankin ciwo. Ina cizon filo don kada a ji kukana. Daga baya aka yanko fata a cinyata aka rufe wurin. Talabijin ɗin ɗakin kuwa, wasannin Olamfik kawai take nunawa, in an zo masu tsere sai in juya bango.

Na daina yarda da kowa. In Yaya yana magana da nas, sai in yi kamar barci ina saurare. In ya kawo min tuwo daga unguwar Dengfeng, sai in ce wannan toshiyar baki ce. Wata rana ya ce, "Wallahi na ɗauka duk maganin ɗaya ne. Tsoron Baba ne ya kama ni." Ya yi hawaye. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Har yau wani lokacin ina tambayar kaina.

Alhamdu lillahi, yanzu na ajiye sanda, ina takawa da ƙafata. Na gode wa Allah, na gode wa likitar nan, da Baba, da ku da kuka yi ta cigiyata.

Don Allah in wani abu ya yanke ku a teku, ku fito, ku wanke da ruwa mai tsabta. In ya kumbura ko zazzaɓi ya zo, kada ku kwana a gida. Ku faɗa wa likita inda kuka ji ciwon, ko da za a yi muku faɗa.

Baba ya ce in zan koma teku, to da shi, yana zaune a kan yashi yana gani.

A wasanmu ba a tayar da lema mutum ɗaya. Dole wani ya riƙe maka ita, ya saki in ka yi masa alama. In ya saki da wuri, iska za ta maka ka da ƙasa. Na daɗe ina tunanin wa zan ba.

Yaya ne zai riƙe. Ban faɗa masa ba tukuna. Amma igiyoyina, ni zan duba su da hannuna.